Sharhi kan irin fumfunar Aspergillus niger mai lamba ATCC 11414: abin da yake iya yi a kan sharar gona da inda ƙarfinsa ya tsaya

Wanda ya yi odar wannan iri ya buɗe ƙunshin, abin da zai tarar ba zai burge shi ba. Galibi 'yar kwalbar gilashi ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, an liƙe bakinta da wuta, a gindinta kuma ga wani ɗan busasshen dunƙule kamar ɓarɓashin alli. Ma'ajiyoyin da ke adana irin fumfuna, kamar ATCC ta Amurka wadda ta ba shi wannan lamba, wasunsu suna aiko shi a daskare, wasu kuma a tsire a kan agar, wato daskararren abincin da ake renon fumfuna a kansa. A cikin wannan ɗan dunƙule ne miliyoyin ƙwayoyin irin baƙar fumfuna suke kwance, an tsotse musu ruwa a cikin sanyi, suna jiran a tashe su.

Hukuncinmu a kansa shi ne: ga ɗakin gwaji, ko ƙaramin aikin da ke son tatso asid ɗin sitirik daga ɓawo, dusa da tuƙar rake, sayensa ya fi rashin sayensa nesa ba kusa ba. Amma iri ne aka saya, ba sukari ba. Duk abin da zai ba ka yana rataye ne a kan yawan sukarin da ke cikin sharar da ka shimfiɗa masa, kuma yawancin masu cewa kwalliya ba ta biya musu kuɗin sabulu ba a nan suka yi kuskuren lissafi.

Fumfunar da kanta tsohuwar ma'aikaciya ce. Tun 1784 Carl Wilhelm Scheele ya ware asid ɗin daga ruwan lemun tsami, kuma shekaru masu yawa lemun Italiya ne ke ciyar da kasuwar duniya da shi. A 1893 Carl Wehmer ya lura cewa wasu fumfunoni suna fitar da shi daga sukari, sannan a 1917 James Currie a Amurka ya nuna cewa Aspergillus niger tana zubo shi da yawa idan aka cika ta da sukari, aka rage mata sauran abinci, aka bar ruwan ya yi tsami sosai. Bayan shekara biyu masana'antu suka ɗauka. Yau duniya tana yin fiye da tan miliyan 2 a shekara, Sin ce kan gaba, kuma kusan duka a manyan tankunan ruwa ake yinsa da sitacin masara ko baƙin ruwan rake. Noma fumfunar a kan jiƙaƙƙiyar shara a tire ƙaramar hanya ce ta gefe, wadda Japan ta daɗe da sani a kan dusar alkama da ragowar dankali.

Darajar wannan iri tana cikin asalinsa. Ya fito ne daga ATCC 1015, wanda aka karanta jerin ƙwayoyin gadonsa gaba ɗaya, kuma ma'ajiyar NRRL da ke Peoria a jihar Ilinoi tana riƙe da shi da lamba 2270. Ma'ana, idan aikinka ya ba da sakamakon da ya bambanta da na wasu, ka san ba daga irin ba ne. Sai ka koma ka binciki sharar, danshin ko zafin. Wanda ya kankaro baƙar fumfuna daga ruɓaɓɓiyar albasa ko ƙasar lambu ba shi da wannan kwanciyar hankali. Baƙaƙen Aspergillus suna da yawa, ido ba ya rarrabe su, wasu ba sa yin asid ɗin kirki, wasu kuma suna yin dafi. A kula da lamba sosai wajen oda. Akwai ATCC 16404 da ya yaɗu a ɗakunan gwajin magunguna, tsofaffin takardu suna kiransa Aspergillus niger, alhali an sake masa suna zuwa Aspergillus brasiliensis. Aikinsa gwajin ƙarfin sinadaran hana ruɓewa ne, ba shi ake nema a nan ba. Sai kuma takardu: ma'ajiyoyi ba sa sayar wa mutum a kan kansa, suna neman adireshin cibiya ko kamfani da yarjejeniyar amfani, wadda sau da yawa ta taƙaita ga bincike. Mai niyyar kasuwanci ya karanta wannan sashe kafin ya biya.

Tayar da irin ba shi da wahala, gaggawa ce kawai ba ya so. Ana goge kwalbar da barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a fasa bakinta a wuri mai tsabta, a ɗiga ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta kamar rabin mililita zuwa ɗaya a kan dunƙulen, a mayar da shi cikin wata kwalba mai ruwa mililita 5, a bar shi ya jiƙa aƙalla awa 2, in da hali ya kwana. Daga nan a shafa a kan farantin agar ɗin dankalin Turawa da gulukos, a ajiye a ɗumin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Celsius. Cikin kwana biyu zuwa uku farar saƙa za ta bayyana kamar auduga, gefenta ya ɗan yi ɗorawa, kafin kwana bakwai kuma fuskar farantin ta koma baƙa ƙirin, kamar an barbaɗa garin gawayi. Idan aka ɗaga shi a haske za a ga kowane ɗigon baƙi yana tsaye a kan siririn karansa kamar kan allura.

Wannan faranti na farko shi ne dukiyar. Tun a ranar a ɗebi irin a zuba a ƙananan kwalabe da gilisarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili. Inda babu irin wannan firiji, a ajiye a kan agar a digiri 4, a riƙa sabuntawa bayan 'yan watanni, amma a sani hanya ce mai rauni. Fumfunar da ake ta dasawa daga faranti zuwa faranti tana sauya hali a hankali: ɓangaren da ya fi saurin yin iri shi ne ke rinjaye, kuma ba lallai shi ne mai yawan asid ba. Bayan dashe da yawa mutum yana riƙe da lambar da ya saya, amma halin ya tafi.

Takardar da ke zuwa da irin tana bayanin yadda za a tashe shi ne kawai. Ba ta cewa komai game da shara, kuma a nan gizo ke saƙa.

Lissafin farko na sukari ne. Giram 180 na gulukos, ko da ba a yi asarar komai ba, giram 192 na asid zai bayar, wato giram 107 daga kowane giram 100. Abin da ya sa ya zarce ɗari shi ne oksijin da ke shiga cikin ginin, iskar kabon da ta fita kuma fumfunar tana sake kama ta. A aikace tana cin wani kaso don gina jikinta da numfashi. To a ɗauka kilo ɗaya na busasshen ɓawo yana da sukari giram 200. Rufin ɗakin shi ne giram 213, kuma in aka samu kashi 60 cikin 100 na sukarin ya koma asid, giram 120 ke nan. Babu irin da zai ɗaga wannan rufi. Shi ya sa ɓawon abarba da tuƙar tuffa, masu sukari a sake, suke ba da sakamako tun a gwajin farko. Ragowar rogo sitaci ne, kuma fumfunar tana da sinadarin da ke farfasa sitaci zuwa gulukos, sai dai dole a dafa shi da danshinsa ya kumbura tukuna. Ɗanyen sitaci yana cinye mata kwanaki. Ɓawon rogo kuma a shanya shi sosai don dafin sayanaid ɗinsa ya ragu. Ɓawon lemun zaƙi yana da man limonin mai danne tsiron fumfuna, turara shi yana korar mafi yawansa. Tuƙar rake da totuwar masara su ne suka fi yaudarar mutane. Suna da araha, suna da yawa, amma abin da ke cikinsu zare ne mai tauri wanda wannan iri ba ya iya narkarwa cikin mako guda, sukarin zailos da ke fita daga gare su kuma ba ya ba da asid kamar gulukos ko sukuros. Amfanin tuƙar rake na gaskiya shi ne ta zama katifa mai shan iska: a jiƙa ta da ruwan sukari mai kauri, kashi 14 zuwa 20 cikin 100, ko a gauraya ta da shara mai laushi don kada ta dunƙule.

Dusar alkama da ta shinkafa akasin haka suke. Fumfunar tana son su ƙwarai, tana rufe tire da saƙa cikin kwana biyu, mai kallo ya ɗauka ya dace. Amma naitirojin da fosfet sun yi yawa a cikinsu, kuma fumfunar da ta ƙoshi jiki take ginawa, ba asid ba. Zubar asid hali ne na fumfunar da sukari ya yi mata yawa alhali abincin girma ya ƙare mata: sukari yana ta shigowa, babu inda za ta kai shi, sai ta fitar da shi a matsayin sitirik. Don haka dusa ƙari ce kaɗan a cikin haɗi, ba gundarin haɗin ba. Idan sharar ba ta da naitirojin ko kaɗan, ɗan gishirin amoniyam ya fi dacewa, domin yayin da fumfunar ke shan sa tsamin wurin yana ƙaruwa, abin da ake so ke nan.

Shirya katifar yana da ƙa'idarsa. A busar da sharar a ɗumin da bai wuce digiri 60 ba, a niƙa ta zuwa kaurin milimita 1 zuwa 2, a tankaɗe garin da ya yi laushi. Danshin da ake nema yana tsakanin kashi 65 da 75 cikin 100, gwargwadon yadda sharar ke riƙe ruwa. Misali, kilo ɗaya mai danshi kashi 10 yana da busasshen nauyi giram 900. Don a kai shi kashi 70, jimillar nauyin sai ta zama kilo 3, wato a ƙara ruwa lita 2. Gwajin hannu yana taimakawa: a damƙi cikin tafi a matse, ruwa ya ɗan ƙyalla a tsakanin yatsu ba tare da ya ɗiga ba, dunƙulen kuma ya wargaje da an taɓa shi. A dafa a tukunyar tururi mai matsi, digiri 121, minti 15 zuwa 20. Wuce haka yana ƙona sukari, ya haifar da sinadaran da ke hana irin tsirowa. Alamarsa launin haɗin ya yi duhu, ya riƙa ƙamshin ƙonannen sukari. Bayan ya huce, a wanko irin daga faranti da ruwa mai ɗigon Tween 80, wani sinadari mai aiki kamar sabulu, kashi 0.1 cikin 100, domin ƙwayoyin ba sa jiƙuwa da ruwa zalla, a saman suke yawo. A ƙirga su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a zuba miliyan 1 zuwa 10 ga kowane giram na busasshiyar shara. A misalinmu, in ana son miliyan 10 kuma ruwan irin yana da miliyan 100 a mililita, mililita 90 ake bukata, kuma a cire wannan daga lita biyun can.

Kaurin shimfiɗar kada ya wuce santimita 2 zuwa 4. Wannan doka ita ce aka fi karyawa, domin a ƙaramar kwalbar gwaji mai giram 10 matsalar ba ta bayyana. Fumfuna mai girma tana fitar da zafi, jiƙaƙƙiyar shara kuma ba ta sakin zafi da sauƙi. A rana ta biyu da ta uku, ma'aunin zafin da ke bangon akwatin da aka ajiye tiren zai nuna 30 alhali tsakiyar shimfiɗa mai kauri ta haura 40. A tsoma ma'aunin cikin sharar, ba a rataye shi a iska ba. Zafi yana rage sitirik, yana busar da saman katifar, ƙasanta kuma ya shaƙe. Iska ma haka: fumfunar tana da wata hanyar numfashi ta daban da take dogara da ita lokacin zubar asid, kuma yankewar oksijin na ɗan lokaci yana lalata wannan hanya ta yadda ba ta dawowa daidai. Tire mai hudoji a ƙasa, da iska mai danshi tana ratsa akwatin a hankali, ya fi rufaffen mazubi. Juyawa da cokali bayan saƙa ta kama tana tsinka zaren, gara a bar ta.

Kada a yi amfani da tiren baƙin ƙarfe ko mai rufin tutiya. Asid ɗin yana cin su, ya kwaso ƙarfen cikin sharar. Roba mai jure tururi ko ƙarfen da ba ya tsatsa mai inganci su ne daidai. Dalilin ya wuce tsabta. Wannan iri sananne ne wajen ƙin manganis: a cikin tankin ruwa, 'yan maikirogiram kaɗan a lita sun isa su sauya surar saƙarsa daga dunƙulallun gajerun zaruruwa zuwa dogayen zare, asid ya faɗi. A kan shara mai tauri abin bai kai haka tsanani ba, kuma wannan na daga cikin alherin hanyar tire, amma sharar gona ba ta rabuwa da manganis da ƙarfe. Maganin da aka sani tun 1953 shi ne metanol, mililita 2 zuwa 3 ga kowane giram 100 na jiƙaƙƙen haɗi. Yana rage girma da yin iri, yana ƙara wa fumfunar juriyar ƙarafan, yana sauƙaƙa fitar asid. A zuba shi bayan haɗin ya huce, domin yana tafasa a ƙasa da digiri 65, wanda ya zuba kafin dafawa ya zubar ne kawai. Sama da kashi 4 yana danne tsiron. Kuma guba ne mai makantarwa, a taɓa shi da safar hannu a wuri mai iska. Muna ba da shawarar a riƙa ajiye tire ɗaya marar metanol a kowane gwaji, domin akwai sharar da ba ta bukatarsa.

Tsami shi ne ke raba sitirik da 'yan uwansa. Ƙwayoyin irin suna son su tsiro a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, kusan 5, daga nan ya kamata ya gangara zuwa 2 ko kusa da haka cikin kwanaki biyu zuwa uku. Idan ya maƙale sama da 3 zuwa 4, fumfunar tana karkata ga asid ɗin gulukonik da na okzalik. Sharar da ke da toka da yawa, irin su ɓawon ayaba mai yawan fotasiyam, tana danne tsami, ta riƙe pH a sama. Okzalik ba ƙaramar matsala ba ce: guba ne, kuma yana bin sitirik har wajen tacewa.

Wannan ya kawo mu ga awo, inda muke ganin an fi cutar kai. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗiga ruwan soda, wato sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin 0.1 N, a cikin ruwan samfurin har launin sinadarin shaida ya juya, a lissafa kowace mililita a matsayin miligiram 6.4 na sitirik. Amma soda ba ta san sunan asid ba. Tana ƙirga okzalik, gulukonik da tsamin da ɓawon ya zo da shi tun daga gona, duk a lissafi ɗaya. Alƙaluma masu ban mamaki da ake gani a wasu rahotanni daga nan suke fitowa. A auna sharar kafin a zuba iri, a cire wannan adadi, sannan a tabbatar da na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC, ko kayan awo na sinadarin sitiret layes, ko aƙalla tsohuwar hanyar firidin ta 1958. Da awo na gaskiya za a ga asid yana kai ƙololuwa tsakanin kwana 4 da 7. Idan fuskar tiren ta fara yin baƙi sosai, sukari ya ƙare, fumfunar kuma ta juya tana cin asid ɗin da ta tara. A girbe kafin nan.

Fitar da asid daga sharar shi ne wurin da hanyar tire take shan kaye a hannun tanki, kuma ba laifin irin ba ne. Giram 120 ɗin can suna warwatse a cikin kilo 3 na jiƙaƙƙen abu. In aka wanke da ruwa lita 6, abin da aka samu ruwa ne mai asid da bai kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali ruwan tankin masana'anta yana haura kashi 10. Dabarar ita ce a yi amfani da ruwan wankin tire ɗaya a wanke na gaba, a kuma matse da ƙarfi. Bayan tacewa, a sa kalsiyam haidiroksaid kaɗan tun ruwan yana da tsami sosai, okzalik ya fara kwantawa a tace shi. Sannan a ɗumama zuwa digiri 70 zuwa 90, a ci gaba da zubawa a hankali ana motsawa har pH ya kusa 7. Farin kalsiyam sitiret zai kwanta, kuma zafin yana sa ƙwayoyinsa su yi girman da za su tatu. A wanke shi da ruwan zafi, a sake shi da asid ɗin salfurik, a tace jifsam, wato farin gishirin da ke kwantawa, a ratsa ruwan ta gawayi mai tsotse launi, a ƙafar da shi a ƙarƙashin ƙarancin matsi. Ƙasa da digiri 36.6 ƙwayoyin da ke fita masu ɗauke da ruwa ne, sama da haka marasa ruwa. Kowane kilo na asid yana cin kusan giram 580 na kalsiyam haidiroksaid da giram 770 na salfurik, ya bar jifsam kilo 1.3. Ɓawo mai yawan fektin, kamar na lemu da tuffa, yana sa ruwan wanki ya yi yauƙi ya toshe matata, duk da fumfunar tana narkar da wani kaso nasa.

Saura tuƙar da aka matse. Tana da furotin fiye da yadda ta shigo, kuma kowa zai so ya ba dabbobi. A dakata tukuna. A 2007 aka tabbatar cewa Aspergillus niger tana iya yin dafin fumonisin B2, binciken da ya biyo baya ya same shi har a irin da masana'antu ke amfani da su, wasu kuma suna yin okaratoksin A. Tataccen asid yana rabuwa da su a wajen tacewa da ƙanƙarewa, tuƙar kuwa ba ta bi ta wannan hanya ba, ga kuma ragowar metanol da okzalik. Sai an kai samfur an auna kafin ta shiga bakin dabba. Ƙurar irin ma tana tayar da asma, tana kama kunne, tana da haɗari ga mai raunin garkuwar jiki. Tiren da ya yi baƙi kada a buɗe shi a fili: a sa takunkumi mai tace ƙura, a yayyafa masa ruwa ƙurar ta kwanta, a mayar da shi tukunyar tururi a digiri 121 na minti 30 kafin a zubar.